Shingen Kurmin Kanya

Mutanen Ɗinyar Kogi, wani ƙauye a ƙasar Kirikasamma, ba su taɓa tunanin Kurmin Kanya yana bukatar mai tsaro ba, domin ruwa ne ke tsaronsa. Kowace damina kogin Haɗejiya yakan cika ya malalo fadama, ya kewaye tudun da kurmin yake kai, ya daɗe bai janye ba. Kafin ƙasa ta bushe har saniya ta iya takawa, ƙananan itatuwa sun yi ƙwari. A bakin ruwa giyayya ce da gabaruwa, can sama kuma kanya da tsamiya da goruba, sun haɗe kai har rana ba ta ganin ƙasa.

Daga baya ruwan ya sauya hanya. Kachalla, doguwar ciyawar nan da ta addabi fadama, ta toshe mashigar da ke kawo shi, ya koma yana kwanciya a gonakin wasu ya bar na wasu a bushe. Kurmin ya zama ana shigarsa da ƙafa rani da damina. Shanu suka shiga, awaki suka bi su, ba abin da ke tsirowa ya kai gwiwa. Makiyaya suna sassare rassa su zubo wa dabbobi ganye, masu gawayi suka zo suka kwashe manyan. Ba wanda ya yi da mugun nufi, kowa dai abin da ke gabansa yake dubawa. Aka wayi gari mutum yana tsaye a ƙofar masallaci yana hango bayan kurmin ta cikinsa. Iska ta sami hanya, tana ɗebo yashi tana zubawa a gonakin gero.

Inuwa da Tasi'u uwa ɗaya uba ɗaya ne. Da mahaifinsu ya rasu aka zo rabon gado, Inuwa, wanda shi ne babba, ya ɗauki gona da kwale-kwale, Tasi'u ya ce shi a bar masa shanu. Tun yana ƙarami yake bin su, ya san halin kowace, ya san wadda ke da ƙiwuya da wadda ke jan garke. Mahaifiyarsu, Inna 'Yar'azumi, tana zaune a gidan Inuwa tana saƙar tabarma. Ba ta faɗin sunan Inuwa saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce Babba. Tasi'u kuwa Auta take ce masa, ko da ya yi aure ya haihu.

A wata kaka Bulama Fannami, mai garin, ya tara mutane a ƙofar gidansa. Malaman daji sun zo daga Haɗejiya da alkawarin dashe, amma sun ce ba za su sauke ko ɗaya ba sai an rufe kurmin an hana dabba shiga na wasu shekaru. Aka yi ta muhawara har la'asar. Wanda ya rufe maganar shi ne Tasi'u.

Ya ce, "Bulama, ni mai shanu ne, kuma shanuna suna cikin waɗanda suka cinye wurin nan. In ba mu rufe shi ba, nan gaba ko inuwar da za su kwanta ba za su samu ba. A rufe."

Da aka zo zaɓen mai tsaro, baki ya zo ɗaya a kan Inuwa, don kowa ya san ba ya magana biyu. Bulama ya ce masa a gaban jama'a, "Ko akuyata ka gani a ciki, ka koro ta." Inuwa ya ce ya ɗauka, Allah ya ba shi ikon riƙewa.

Aka kewaye tudun da shingen ƙaya. Tasi'u da kansa ya yi ta jan ƙayar magarya har hannuwansa suka yi jini. Aka dasa abin da malaman daji suka kawo, mata da maza suna ɗebo ruwa daga sauran tafki suna bayarwa. A cikin shingen, ciyawar da daminar baya ta bari ta tsira daga bakin dabba, ta bushe a tsaye, fara sol.

Sai bazarar shekarar ta zo da tsanani. Hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa. Fadamar da shanu suka saba samun ciyawar burgu, rabinta kachalla ta cinye, rabi kuma masu noman rani sun shuka shinkafa. Harawa ta ƙare a rumbuna, dusa ta yi wuyar samu. Inuwa ya kwashe karan gonarsa da ɗan ƙaiƙayin da ya rage ya kai wa ƙanensa, ya kuma riƙa tsinto masa 'ya'yan gabaruwa a bakin tsohuwar mashiga. Duk da haka shanun suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Wasu in sun kwanta sai an taru an ɗaga su.

Wata safiya Inuwa yana gyara wurin da iska ta ture shinge, sai ya ji ƙarar kofato. Ya ɗaga kai ya ga Tasi'u a gaban garkensa. Shanun suka zo suka jeru a jikin ƙaya, suna miƙa wuya suna shaƙar ƙanshin ciyawar da ke ciki.

Tasi'u ya gaishe shi, ya tsuguna, ya ce, "Yaya, ban zo da rigima ba. Ka buɗe mini gefen nan na yamma kawai, inda babu dashe da yawa. Zan tsaya a kansu da sanda. In hadari ya sauka, ba za ka ƙara ganina a nan ba."

Inuwa ya dubi shanun, ya kau da kai. Ya ce, "Tasi'u, ka san ba nawa ba ne."

"Na sani. Ai da ni aka kafa shi."

"Jiya Usaini na unguwar gabas ya zo da nasa, na mayar da shi. Shekaranjiya wasu baƙi daga wajen Auyo, har da kuka, na mayar da su. In na buɗe maka yau, da wane ido zan dube su? Kafin azahar duk shanun ƙasar nan suna ciki."

"To ka bar ni in yanka in fito musu da ita."

"Wannan ma na kai wa Bulama. Dattawa sun ce in aka fara shiga da lauje ba mai iya tsayar da mutane, kuma ciyawar ce ke kare dashen daga rana. Sun hana."

Tasi'u ya waiwayi shanunsa. Ya miƙe ya dafa wata farar saniya mai baƙin kunne, wadda ta fito daga tsatson shanun kakansu. Ya ce, "Wannan nononta ka sha da ka yi ciwon shawara. Yaya, dube ta."

Inuwa bai iya dubanta ba. Ya ce, "Ka yi haƙuri."

Tasi'u ya juya zai koma da garkensa. Amma shanun suka ƙi tafiya. Ya kora, suka dawo. A ƙarshe ya bar su a nan jikin shingen, a ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya da ta rage a waje, nan suka riƙa wuni suna kallon abin da ba za su ci ba. Inuwa yana ciki yana ban ruwa, yana jin kukansu.

Da ya koma gida, Inna 'Yar'azumi ta ajiye saƙarta ta ce, "Babba, itace ne fa. Ɗan'uwanka kuwa jini ne."

Ya zauna a bakin tabarmarta ya ce, "Inna, in kin ce in buɗe, zan je in gaya wa Bulama ya nemi wani mai tsaron, sannan in tsaya tare da Tasi'u mu roƙi wanda aka sa. Amma ina riƙe da amanar ba zan buɗe a ɓoye ba."

Ta sake ɗaukar saƙarta. Ta ce, "In ka sauka, wanda za a sa ma ba zai buɗe ba. Sai dai ka yi asarar mutuncinka a banza. Je ka. Allah ya kawo ruwa."

Ruwa bai zo da wuri ba. Farar saniyar ce ta fara faɗuwa, aka yi sauri aka yanka ta kafin ta zama mushe. Wasu suka biyo ta. Mahauta suka ji labari suka zo daga Haɗejiya da mota, suka kwashe sauran a farashin wulaƙanci. Ranar da aka loda ta ƙarshe, Tasi'u ya rataye igiyoyin a jikin turke, ya shiga ya sallami mahaifiyarsa. Ya ɗauki matarsa Nuriyya da 'ya'yansu suka tafi birni. Bai biya ta kurmi ba, Inuwa kuma a bakin mutane ya ji.

Bayan tafiyarsa ba da daɗewa ba sama ta buɗe. Dashen suka yi kore shar, mutane suna zuwa suna leƙe ta saman ƙaya suna sa albarka. Inuwa ya fara gaya wa kansa cewa ko ba komai abin da aka yi domin sa ya tsaya.

Sai gadu, aladun daji, suka zo. Daga dajin Baturiya suka fito, da ƙasa ta yi laushi, suka kutsa ta ƙarƙashin shinge. Da hantsi Inuwa ya shiga ya tarar da wurin kamar an yi huɗa da garma. Sun tone saiwoyi, sun tumɓuke dashe sun watsar, abin da suka bari kuma birai sun karya. Ya toshe ramin, suka haƙa wani. Ya kafa gwangwanaye a igiya, suka saba da ƙarar. Harbinsu kuwa doka ta hana, don naman gandun daji ne. Kafin tsakiyar damina, abin da ya rage cikin dashen bai taka kara ya karya ba.

Maganganu suka fara yawo a gari. Wani a bakin kasuwa ya ce, yadda Inuwa zai ji, "An hana saniyar Musulmi, an ba gadu." Aka yi dariya. Inuwa ya dawo gida ya kwanta, ya ƙi cin abinci. Matarsa Barira ta yi ta fama da shi da kunu. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Da na san gadu zan tara wa, Barira. Da na sani."

Da ya ji sauƙi ya je wurin Bulama ya ce a sallame shi. Bulama Fannami ya ce, "Ba zan tilasta ka ba. Amma in aka cire shingen nan yanzu, shanun ƙanenka sun mutu a banza ke nan. Ka ƙarasa mini daminar nan, sannan mu yi magana."

Ya koma ba da son ransa ba. Yana zagayawa cikin ciyawa da ta kai ƙugu, sai ƙafarsa ta bugi wani kututture. Ya sunkuya ya ga tsohuwar kanya ce da masu gawayi suka sare, ta fitar da toho a kewayenta, jajaye masu taushi. Ya duba gaba ya ga wata, ga giyayya, ga kaba tana ɓullowa daga gindin gorubar da kowa ya ɗauka ta mutu. Shekara da shekaru suna tohowa awaki suna cinyewa, ba wanda ya lura. Saiwarsu ta yi zurfin da gadu ba ya iya tonowa.

Ya fito ta yamma, wajen tsamiyar da shanun Tasi'u suka yi ta wuni. Nan ya tsaya cak. Duk inda kashinsu ya bushe, 'yan gabaruwa sun tsiro, cunkus, kamar an yafa iri. 'Ya'yan da ya riƙa tsinto musu ne suka bi ta cikinsu suka fito. Inuwa ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa. Da ya share ido ya tashi ya jawo ƙaya, ya faɗaɗa shingen ya shigar da wurin ciki.

Bai ƙara zancen sauka ba. Ya riƙa rage tohon, ya bar masu ƙarfi, ya kewaye ƙanana da ƙaya saboda gadu. Malaman daji da suka dawo suka ga abin, suka ce a ci gaba a haka, suka ƙaro dashe kaɗan na cike gurbi. Gari ya yi gayya aka sassabe kachallar da ta toshe mashiga, ruwa ya ɗan dawo, ko da bai kai na da ba. Shekaru suka wuce. Itatuwan suka wuce tsawon mutum, kurciya da hasbiya suka dawo, zuma ta zauna a kogon tsamiya. Dattawa suka sassauta doka: da bazara kowane mai dabba yana iya shiga da lauje ya yanki ciyawa ya fita da ita, gefe guda bana, wani gefen baɗi. Ranar da aka yanke wannan shawara Inuwa bai yi murna kamar sauran ba. Tunaninsa shi ne, da an yarda da haka tun farko, da ƙanensa yana gari.

Ya shirya ya hau babur ya tafi Haɗejiya. Ya sami Tasi'u a kasuwar kifi, yana aikin banda a rumfar wani. Hayaƙi ya rine masa ido, ya rame, furfura ta fito masa kafin lokaci. Tasi'u ya tarbe shi da ladabi, ya shimfiɗa masa buhu, ya sayo masa ruwan sanyi, ya tambayi Inna da Barira da yara. Inuwa ya gaya masa yadda kurmin ya koma, da sabuwar dokar, ya ce yana da ɗan maraƙi da karsana da ya saya, in Tasi'u zai dawo nasa ne.

Tasi'u yana juya kifi a kan waya, bai ɗago ba. Ya ce, "Yaya, ni ban riƙe ka ba. Na daɗe da sanin gaskiyarka ce. In da ni aka ba tsaron, wataƙila abin da zan yi ke nan."

"To ka dawo gida."

"Ba zan iya ba. In na ga wurin nan, kukansu nake ji. Kuma kiwo ba a fara shi da furfura. Ka bar wa 'ya'yanka."

Inuwa ya so ya gaya masa zancen gabaruwar da ta tsiro, ya ga ba zai iya ba. Suka yi sallama, Tasi'u ya ƙulle masa kifi a takarda ya ce a kai wa Inna.

Tasi'u yakan zo gaishe ta da salla, ya wuni ya koma, ta hanyar gabas kullum, wadda ba ta bi ta kurmi. Inna 'Yar'azumi ba ta ƙara sa baki a tsakaninsu ba. Idonta ya yi rauni, amma ta ci gaba da saƙa da lalube, da kabar da jikokinta ke yanko mata.

Ta rasu da sanyin safiya a wata kaka, bayan gajeriyar jinya. Aka buga wa Tasi'u waya, ya iso kafin a gama wanka. Masu haƙa suka aiko daga maƙabarta cewa ana bukatar itacen da za a jera a rufe kabari. A 'yan shekarun nan sai an je nesa ake samowa, ko a tsinke dannin wani. Bulama Fannami, wanda tsufa ya kama har sai an riƙe shi, ya ce, "A shiga kurmi a saro. Ta fi kowa haƙƙi."

Inuwa ya ɗauki gatari. Ya kai ƙofar gida sai ya ji mutum a bayansa. Tasi'u ne, ya karɓi adda a hannun wani maƙwabci. Suka nufi kurmi. Da suka isa, Inuwa ya janye ƙayar da ke bakin shiga, Tasi'u ya ɗan tsaya, sannan ya sa kai.

Ciki da sanyi, ƙasa a lulluɓe da ganye. Tasi'u yana tafe yana ɗaga kai. Suka zaɓi rassan giyayya miƙaƙƙu, Inuwa yana sara, Tasi'u yana datsewa daidai faɗin kabari. Da suka haɗa abin da zai isa suka ɗaure, suka fito ta yamma don ta fi kusa da maƙabarta. Nan Tasi'u ya ga tsamiyar, ga kuma gabaruwa sun yi duhu a kewayenta, sun yi fure rawaya.

Ya ce, "Nan ai fili ne da. Ku kuka dasa?"

Inuwa ya ce, "Ba mu ba ne." Ya gaya masa yadda aka yi, a taƙaice.

Tasi'u ya sauke damin da ke kansa. Ya je ya kama reshe ɗaya, ƙaya ta soke shi bai saki ba. Ya daɗe a haka, kafaɗunsa suna motsi. Inuwa ya tsaya nesa kaɗan, bai matsa ba. Can Tasi'u ya goge fuska da hannun riga ya ce, "Mu je, Yaya. Ana jiranmu."

Su biyu suka shiga kabarin suka karɓe ta, su suka jera itacen, aka sa ganye da laka aka rufe.

Tasi'u ya zauna har aka yi sadakar uku. Suna karɓar gaisuwa a tabarma ɗaya, suna ci a akushi ɗaya, har mutane suka fara cewa ya dawo ke nan. Amma da aka watse ya ce mai rumfa yana jiransa, kuma yara suna makaranta a birni. Inuwa bai roƙe shi ba. Ya raka shi bakin hanya, suka tsaya suna jiran mai babur.

Tasi'u ya ce, "Babban ɗana, Fatihu, yana yawan tambayata yadda ake kiwo. Bai san komai ba sai kifi. In an yi hutu zan turo maka shi ya kwana biyu."

Inuwa ya ce, "Ka turo shi."

Mai babur ya zo, Tasi'u ya hau, ya ce a gaida Barira. Inuwa ya tsaya har suka sha kwana a bayan gonakin shinkafa, sannan ya juya ya koma gida, inda mata ke ta kwashe kwanukan makoki.